Maganin da Ba Ya Kwana

Akwai wani ruwa da ake zuƙa a sirinji da asuba a asibitocin Amurka wanda ba ya jiran kowa. Idan aka auna shi da ƙarfe shida na safe, da tsakar rana rabin ƙarfinsa ya tafi. Da magariba saura kashi ɗaya cikin huɗu. Washegari warhaka, abin da ya rage kashi 6 ne da 'yar ɗoriya cikin ɗari. Firji ba ya tsayar da wannan raguwa, toshe bakin kwalba ba ya tsayar da ita, domin a cikin ƙwayar zarra take aukuwa, inda zafi da sanyi ba su da iko. Sunan abin tekinishiyam-99m, kuma da shi ake yin kusan kashi 80 cikin ɗari na gwaje-gwajen likitancin nukiliya a duniya.

Wanda ke riƙe da sirinjin nan ba likita ba ne. Sau da yawa mutum ne da ya yi karatun shekara biyu a kwalejin al'umma, ya fito da ƙaramin digirin da Amurkawa ke bayarwa, wanda a tsawonsa ya yi kusa da diflomar kwalejin kimiyya da fasaha a wajenmu. Shi ne ma'aikacin hoton nukiliya. Na daɗe ina ganin cewa cikin sana'o'in asibiti babu wadda aka tara wa nauyi iri-iri a wuyan mutum guda kamar wannan, kuma babu wadda jama'a suka jahilta kamarta.

Sai an fahimci irin hoton kafin a gane gwanintar mai ɗaukarsa. A hoton ƙashi da muka saba da shi, na'ura ce ke harbo haske daga waje, ya ratsa jiki, ya bar inuwar ƙashi. Siffa yake nunawa: ga karaya, ga tsaga. A sashen nukiliya an juya al'amarin. Ana sa wa majiyyaci ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da tururin nukiliya, a haɗe da wani abin da wata gaɓa ta jiki ke so. Jiki da kansa zai kwashe shi ya kai inda ake aiki, sai kyamara ta tsaya a waje tana ƙirga hasken da ke fitowa daga ciki. Ƙashin da ke ta gyaran kansa saboda ciwon daji ya shige shi zai ja sinadarin fiye da maƙwabtansa, ya fito a hoto da ɗigo mai ƙarfi, sau da yawa tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya ga komai. Tsokar zuciyar da jini ba ya isa gare ta za ta fito fayau, babu haske. Ƙodar da ke nan da girmanta amma ta daina tacewa, asirinta zai tonu. Aikin gaɓa ake kallo.

Tushen dabarar daga George de Hevesy ne, masanin sinadarai ɗan ƙasar Hangari, wanda a 1923 ya shayar da tsiron wake ruwa mai ɗauke da dalma mai tururi, ya bi sawunta daga saiwa har ganye. Wannan hanya ta bin sawu ita ta ba shi kyautar Nobel ta 1943. Shi kuwa tekinishiyam, Emilio Segrè da Carlo Perrier ne suka gano shi a Italiya a 1937, kuma shekara guda bayan haka Segrè da Glenn Seaborg suka gano nau'in nan mai saurin raguwa a Berkeley ta Kaliforniya. A Berkeley ɗin ne kuma Hal Anger ya ƙera kyamarar da har yau ake aiki da jikokinta, wajajen 1957.

To abin da ke rabewa biyu duk sa'a shida, ta yaya zai iso asibiti? Ba shi ake safara ba, uwarsa ake safara. Molibdinam-99 yana ɗaukar sa'a 66 kafin ya ragu zuwa rabi, kuma yana raguwa yana rikiɗa ya koma tekinishiyam. Ana samar da shi a tukwanen nukiliya 'yan ƙalilan, irin su na Petten a Holan, da na Mol a Beljiyam, da SAFARI-1 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu, da OPAL a Ostireliya. A ƙarshen shekarun 1950 masu bincike a Brookhaven da ke jihar Niyok suka gano yadda za a maƙala molibdinam a jikin wani ɗan bututu cike da garin alumina, a rufe shi cikin tulun dalma. Idan aka bi da ruwan gishiri ta cikin bututun, sai ya wanko tekinishiyam ya bar molibdinam a maƙale. A dawo bayan kwana guda, wani ya sake taruwa. Ma'aikatan da kansu saniya suke ce wa tulun, aikin kuma tatsa, kuma sunan ya dace: kullum da sassafe ake yi, kullum abin da ake samu yana ƙasa da na jiya, bayan mako ɗaya ko biyu kuma ta ƙafe.

Wannan duniyar ce ɗalibi ke shiga. A ɗauki Kwalejin Al'umma ta Bronx, reshen jami'ar birnin Niyok, a unguwar da ke cike da 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. Tana da kwas na wannan sana'a, kuma ɗalibanta a asibitocin birnin suke koyon aikin hannu. Akwai irinsa a Houston da Tampa da wasu garuruwa. Shekara biyun da ake faɗa tana da ɗan yaudara, domin kafin a karɓi mutum sai ya ci darussan share fage: tsarin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, da kimiyyar sinadarai, da fiziks, da aljabara. Gurabe kuma kaɗan ne, saboda kowane ɗalibi sai an samo masa kyamara da ƙwararren da zai tsaya a kansa. Da an shiga, sai fiziks na nukiliya, da yadda tururi ke taɓa ƙwayoyin halitta, da haɗa magunguna masu tururi, da sanin cikin na'urori, da dokokin gwamnati, da kula da majiyyaci tun daga neman jijiya har farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Kaso mai tsoka na lokacin a asibiti yake ƙarewa, inda ɗalibi zai yi kowane gwaji a gaban malami har a sa masa hannu cewa ya iya.

Darasin farko da ke shiga jini shi ne lissafin lokaci. Yawancin asibitocin Amurka yanzu ba sa tatsa da kansu. Akwai kantunan magani na musamman da ke aiki cikin dare, su aiko da sirinji ɗai-ɗai cikin kwanson dalma, kowanne da sunan gwaji da sa'ar da aka auna shi dominta. Da milikuri ake auna ƙarfin maganin. A ce an tanadi milikuri 25 don hoton ƙashi da ƙarfe goma. Majiyyaci ya makara, bai iso ba sai sha biyu. Abin da ke cikin sirinjin ya koma ƙasa da milikuri 20 da kaɗan. Dokar hukumar nukiliya ta Amurka kuwa ta hana a ba majiyyaci abin da ya saɓa wa umarnin likita da fiye da kashi 20 cikin ɗari, sai da izinin likitan. Makarar sa'a biyu ta fitar da allurar daga ƙa'ida. Idan kuma mutumin ya yi sammako ya zo ƙarfe takwas, sirinjin na ɗauke da fiye da milikuri 31, sai an rage. Gogaggen ma'aikaci yana yin wannan lissafi a ka yana tafiya a baranda, sannan duk da haka ya saka sirinjin a ma'auni ya rubuta abin da ya gani da mintin da ya gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne sa'ar farko ta safiya, wadda babu majiyyacin da ke ganinta. Ma'aikaciya ta shigo, sashen shiru. Akwatin da aka kawo ba ta buɗe shi kai tsaye. Sai ta auna tururin da ke fita daga jikinsa, ta goga ɗan ƙyalle a bayansa ta ƙirga, ko wani abu ya zuba a hanya. Sannan ta tuhumi ma'auninta: ta saka masa siziyam-137, wanda ke ɗaukar shekara 30 kafin ya ragu zuwa rabi, don haka an san abin da ya kamata ya nuna yau, idan ya nuna wani abu dabam, ma'aunin ne ke ƙarya. Sannan ta tuhumi kyamara: ta shimfiɗa mata faifan kobal-57 mai fitar da haske bai-ɗaya, ta duba ko hoton ya fito sumul. Tabo ɗaya a wannan hoto na iya nufin wani bututun kyamarar ya raunana, kuma tabon zai bayyana a zuciyar kowane majiyyaci na ranar kamar cuta. Inda ake tatsa kuwa, sai an gwada ruwan ko molibdinam ya ɓalle ya biyo shi, kuma iyakar da doka ta yarda ƙanƙanuwa ce ainun. Bayan an zuba shi cikin 'yar kwalbar garin da zai kai shi ƙashi ko zuciya, ana kiyaye kada iska ta shiga, domin takan ɓata haɗin. Sai a ɗiga ɗigo a kan siririyar takarda, a tsoma gindinta a ruwan gwaji, a yanke ta biyu a ƙirga kowane ɓari, a ga ko tekinishiyam ya kama abokin tafiyarsa. Idan bai kama ba, maimakon ya tafi ƙashi sai ya tafi tumbi da maƙogwaro da inda yawu ke fitowa, an ba mutum tururi a banza.

Duk wannan tuhuma ce ta kayan aiki, kullum, ko da jiya lafiya lau suke. Likitan da zai karanta hoton da rana yana wani ɗaki a gaban allo. Bai ga akwati ba, bai ga allura ba, sau da yawa bai ga majiyyacin ba. Abin da aka miƙa masa shi zai fassara, kuma gurɓataccen hoton da ya yi kama da mai kyau ba ya zuwa da tambari a goshi.

Sai maganar hannu. Majiyyaci sau ɗaya zai karɓi tururin, kuma na hoton ƙashi wajen milisiba 4 ne a ma'aunin tururin da jiki ya sha, bai fi abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin shekara ɗaya ko biyu ba. Ita ma'aikaciya kullum tana tare da shi, shekara da shekaru. Doka ta sa mata iyakar milisiba 50 a shekara, kuma masu aiki da tsari ba sa ko kusantar wannan. Makamanta uku ne: rage lokaci, ƙara nisa, sa shamaki. Ninka nisa sau biyu yana rage tururin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa za ka ga tana ɗaukar kwalba da dogon hantsaki, kuma da ta gama allura ta ja baya taku biyu tana ci gaba da hira, ba tare da majiyyaci ya ji an guje shi ba. Sirinjin yana cikin riga ta tangistin mai nauyi da 'yar tagar gilashi, wadda ke sa neman jijiya ya yi wuya. Tana sanye da ɗan bajo a ƙirji da zobe a yatsa, masu ajiye lissafin abin da jikinta ya sha. Ɗalibai da ruwan banza suke fara koyo, su yi ta zuƙa a bayan gilashin dalma har hannu ya daina rawa, domin a nan jinkiri kuɗinsa tururi ne, gaggawa kuma kuɗinta zubewa. Idan allura ta kuskure jijiya, maganin ya taru ƙarƙashin fata, zai haska a hannu ya kuma rage abin da ya isa inda ake nema. Mai gaskiya tana rubuta hakan a takarda ko da babu wanda ya gani.

Kyamarar kanta tana da rowa. A gabanta akwai farantin dalma mai dubban ƙananan ramuka, wanda ba ya barin haske ya wuce sai wanda ya taho a miƙe, kuma wannan ɗan mitsitsin kaso ne na abin da jiki ke fitarwa. Wanda ya wuce ya daki wani faifan gishirin aidin mai garai-garai, ya yi ƙyalli, bututun da ke baya su mai da ƙyallin lantarki, kwamfuta ta sa ɗigo. Da ɗigo-ɗigo ake gina hoton, shi ya sa yake cin minti ashirin ko talatin, kuma duk tazarar da aka bari tsakanin kyamara da jiki tana dusashe shi. Aikin ke nan: a kawo ƙaton ƙarfe dab da hancin dattijuwar da ciwon daji ya ci wa baya, a sa ta kwanta ba motsi na rabin sa'a. Filo a ƙarƙashin gwiwa, bargo, bayani tun kafin a fara, da muryar da ke gaya mata saura minti nawa, su ne ke raba hoto mai amfani da wanda za a sake.

Kuma dole ido ya san ƙaryar hoto. Kan bel ko tsabar kuɗi a aljihu suna tare haske, su bar rami mai kama da mataccen wuri. Maganin hoton ƙashi ta fitsari yake fita, saboda haka ɗigon fitsari a wando zai haska a kan ƙugu tamkar daji ya bazu. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya sallamar majiyyaci sai ya duba, ya sa a sauya tufa, ya sake ɗauka daga gefe. Minti goma ke nan da za su iya hana a gaya wa mutum labarin da zai rushe masa gida.

Kowane gwaji da sharaɗinsa, kuma tambayar da aka manta ita ke ɓata shi. Mace, ko tana da ciki, ko tana shayarwa? Gwajin zuciya ga wanda ba zai iya gudu a kan na'ura ba, da allurar da ke buɗe hanyoyin jini ake yinsa, kuma sinadarin da ke cikin kofi da shayi yana toshe aikin allurar, don haka ake hana su na sa'a 12 zuwa 24. Takardar asibitin Amurka za ta lissafa kofi da shayi da cakulan. Ba lallai ta ambaci goro ba, alhali yana ɗauke da sinadarin nan sosai, kuma a Bronx ma'aikacin da ya san ya tambayi dattijo, "Baba, an ci goro yau?" ya ceci gwajin. Don auna saurin da tumbi ke sauke abinci, farin ƙwai ake dafawa da maganin a ciki, majiyyaci ya ci da burodi, a riƙa ɗaukar hoto har sa'a huɗu. A wani nau'in hoton nukiliya da ake kira PET kuwa agogo ya fi tsanani: fulorin-18 da ake maƙala wa sukari minti 110 ne wa'adin rabinsa. Ƙwayoyin daji suna da haɗamar sukari, amma haka ma duk tsokar da ke aiki. Saboda haka majiyyaci zai zo da azumin sa'o'i, a auna sukarin jininsa, a yi masa allura, ya zauna shiru kusan sa'a guda a ɗaki mai ɗumi. Idan ya yi ta surutu maƙogwaronsa zai haska, idan ya tauna cingam muƙamuƙinsa, idan sanyi ya kama shi wani kitse a wuya da kafaɗa ya ɗauki sukarin ya rikita hoton.

Bayan kammala karatu akwai jarrabawar ƙasa. Hukumomi biyu ke ba da shaida: NMTCB, wadda aka kafa a 1977 don wannan fanni kaɗai, da ARRT, wadda tun 2015 ba ta karɓar wanda ba shi da aƙalla wannan digiri na shekara biyu. Jihohi da dama suna ƙara nasu lasisin. Albashin ba laifi: ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta nuna matsakaicinsa dala 92,500 a shekara a 2023. Sai dai sana'ar ƙarama ce, kuma a ƙaramin gari gurbi ba ya buɗewa sai wani ya yi ritaya. Akwai masu ganin shekara biyu ta yi kaɗan, a mai da shi cikakken digiri, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, tunda da yawa daga cikin kyamarorin yanzu a haɗe suke da na'urar hoton CT, wadda ita ma ilimi ce mai zaman kanta. Ni dai ina ganin rufe ƙofar kwalejin al'umma asara ce. Ta nan ne uwa mai 'ya'ya da baƙon da ke tuƙin tasi da dare suke shiga, kuma haƙuri da tsantsenin da aikin ke nema ba a zangon karatu na bakwai ake samunsu ba. Wanda ya shiga zai iya ƙara shaidar CT ko PET yana aiki.

Nauyin ma ƙaruwa yake yi, domin sashen ya wuce ɗaukar hoto. Tun 1941 Saul Hertz ya fara maganin cutar maƙoƙo mai sa zuciya bugawa da rama da aidin mai tururi a Boston, kuma har yau ana ba da aidin-131, ma'aikaci ya zauna ya koya wa majiyyaci yadda zai nisanci yara na 'yan kwanaki. A 2018 Amurka ta amince da maganin Lutathera, a 2022 kuma da Pluvicto na dajin furostet, dukansu da lutishiyam-177, wanda ke bin ƙwayar daji ya ƙone ta daga ciki. A nan kuskuren awo illa ce kai tsaye ga jiki.

An ga darajar masu lissafin raguwar maganin nan a 2009, lokacin da tukunyar Chalk River ta Kanada, mai samar da molibdinam, ta yi yoyo aka rufe ta fiye da shekara guda, ta Petten ma ta tsaya don gyara a 2010. Molibdinam ya yi ƙaranci a duniya. Sassa suka koma aiki da dare da ƙarshen mako, duk lokacin da kaya suka iso, aka koma wa tsohon taliyam-201 don hoton zuciya, aka riƙa zaɓar wanda ya fi gaggawa.

Abin da Amurka ta ɗanɗana na shekara guda shi ne yanayin aiki a inda tulun ke zuwa daga nesa. Asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan ya buɗe sashen likitancin nukiliya a 2006 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, akwai kuma wani a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Najeriya tana da tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, amma ƙarama ce ta bincike, mai ƙarfin kilowat 30 ko kusa da haka, ba ta samar da molibdinam na asibiti. Daga waje tulun ke zuwa ta jirgin sama, kuma kowane kwana da ya yi a filin jirgi yana jiran takardu, kashi 22 cikin ɗari na abin da ke cikinsa ya tafi. Ma'aikacin da ya karɓe shi sai ya zauna da jerin sunaye ya tsara makonsa a kan raguwar: masu hoton ƙashi da na zuciya, da ke bukatar awo mai yawa, a kira su ranakun farko, masu hoton ƙoda da na maƙogwaro, da 'yan milikuri kaɗan ke isar su, a bar su zuwa ƙarshen mako.